Da tsohuwar zuma ake magani: yadda za ka ci moriyar FrontPage da 'yan uwanta

A wannan makon maganata ta fi shafar 'yan babbar sakandare, musamman masu ɗaukar darasin sarrafa bayanai, wanda ake rubuta Data Processing a jadawalin aji. 'Yan ƙaramar sakandare ma kada ku yi saurin buɗe shafi na gaba, don layi yana nan tafe kanku.

Duk wanda ya kai babin tsara shafukan intanet a wannan darasi ya ci karo da jerin sunayen da ake so ya haddace: Microsoft FrontPage, Dreamweaver, Expression Web, iWeb, Amaya da sauransu. Abin da littattafai da yawa ba su faɗa ba shi ne, akasarin waɗannan manhajoji masu su sun daɗe da sallamar su. FrontPage ta ƙarshe ita ce ta 2003, kuma a ƙarshen 2006 kamfanin Microsoft ya daina yin ta. Kamfanin Apple ya ajiye iWeb a 2011. Amaya ta tsaya a 2012, kuma a shekarar ce aka rufe babin Expression Web. Dreamweaver ce kawai a cikinsu kamfanin Adobe yake sayarwa har yanzu. Wato ana koya maka sarrafa abin da ya bar kasuwa tun kafin a haife ka, ko kana rarrafe.

To, ɓata lokaci ne ke nan? Tambayar da nake so mu warware yau ke nan, kuma zan ɗauko misalaina daga garinmu Kamba da maƙwabtanmu na ƙasar Bagudo, don nan na fi sani. Amsata ita ce akwai amfani, amma da sharaɗi. Sharaɗin shi ne ka ɗauki tsohuwar manhajar a matsayin malama, ka riƙa leƙa abin da take rubutawa a bayan fage. Wanda ya tsaya ga danne-danne kawai, ranar da manhajar ta ƙi tashi, iliminsa ya tafi tare da ita.

Wace irin manhaja ce wannan?

Kowane shafin intanet asalinsa fayil ne na rubutu. A cikinsa akwai kalmomin da mai karatu zai gani, sannan akwai wasu alamomi da suke gaya wa burauza, irin su Chrome ko Firefox, yadda za ta jera kalmomin: wannan kanun labari ne, wannan sakin layi ne, a nan hoto zai zauna, a nan mahaɗi ne zuwa wani shafi. Wannan tsarin alamomi shi ake kira HTML.

Hanya biyu ce ake yin irin wannan fayil. Ko dai ka rubuta alamomin da hannunka, ko ka sami manhajar da za ta rubuta maka. FrontPage da 'yan uwanta su ne hanya ta biyu. Kana buɗe ta za ka ga farin fili kamar na Microsoft Word. Ka yi rubutu, ka ƙara masa girma, ka canza launi, ka jawo hoto ka ajiye, ita kuma tana can tana rubuta HTML ba tare da ta dame ka ba. Alkawarin da ta yi maka shi ne, abin da ka gani a gabanka shi ne abin da mai ziyara zai gani.

Wannan tunani ya girmi FrontPage. Tim Berners-Lee, Baturen Ingila da ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janeba, ya gabatar da shawararsa a 1989, kuma burauzar farko da ya rubuta a 1990 ana iya karanta shafi da ita, ana kuma iya gyara shi. Ita kuwa FrontPage, wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Vermeer ne ya fito da ita a 1995, sai Microsoft ya saye kamfanin a watan Janairun 1996 a kan kuɗi wajen dala miliyan 133.

Akwai kuma wani dangi na kyauta. Kamfanin Netscape ya yi tasa mai suna Composer. Daga tsatsonta wani Bafaranshe, Daniel Glazman, ya fitar da Nvu a 2005, daga Nvu kuma aka sami KompoZer, wadda fitowarta ta ƙarshe ta kasance a 2010. Ku riƙe sunan KompoZer, za mu dawo kanta.

Ga abin lura a nan. Kwafin shafin farko da aka yi a CERN yana nan a intanet, kuma wayar da ke aljihunka za ta buɗe shi ba gardama, alhali ya haura shekara talatin. Manhajoji da yawa da aka yi bayansa sun zo sun wuce. Shi fayil ɗin HTML ya fi manhajar da ta rubuta shi tsawon rai, don haka shi ya fi cancanta ka ba wa lokacinka.

Me ya sa take da rana a wuri irin namu?

Kamba ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Dandi, a bakin iyakar Nijar. Kana tsallakawa sai Gaya, daga Gaya ka haye gadar Kogin Kwara ka shiga Malanville ta ƙasar Benin. Ta ɓangaren Bagudo kuma, Lolo da Tsamiya suna bakin iyakar Benin ɗin. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san abu uku: wutar lantarki ba ta da alkawari, data tana cin kuɗi, kwamfutocin da suke zuwa hannun talaka kuma galibi 'yan Kwatano ne, waɗanda wani ya gama moriyarsu a wata ƙasa.

Sabbin hanyoyin gina shafi, irin su WordPress da Google Sites, yawanci a kan intanet ake aikinsu. Kowane dannawa sai da data, in layi ya ɗauke kuma ka zauna jira. Tsohuwar manhaja ba ruwanta da wannan. An yi ta ne a zamanin da intanet ke tafiyar hawainiya, kwamfutoci kuma ba su da ƙarfin na yau, saboda haka ba ta da nauyi, kuma tana aiki ko babu layi sam. Da cajin batir na awa ɗaya za ka iya gina shafi sukutum, ka ajiye a filashi, ka ci gaba gobe a ɗakin kwamfutar makaranta.

Ku dubi garejin kanikawa. Yaron da aka kai koyon gyaran mota, in ya sami tsohuwar Peugeot 504, wadda muke ce wa Fijo, irin da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ya fi saurin gane aiki. In aka ɗaga bonet komai a fili yake, yana ganin inda mai ke bi da inda wuta ke bi. Sabuwar mota kuwa an rufe komai da murfi. Haka tsohuwar manhajar shafi take: bonet ɗinta yana buɗuwa da dannawa ɗaya. Sai dai yaron da ya tsaya yana goge jikin mota, bai taɓa ɗaga bonet ba, ko shekara goma ya yi a gareji ba zai zama kanike ba.

Inda zumar take

In kana da FrontPage 2003, duba can ƙasan filin rubutu, za ka ga kalmomi huɗu: Design, Split, Code da Preview. Na farko shi ne filin da ke kama da Word. Na uku shi ne rubutun HTML zalla. Na biyun, wato Split, shi ne abokinka: yana raba fuskar kwamfuta gida biyu, HTML a sama, shafin a ƙasa. A KompoZer ma akwai makamancin haka, za ka ga an rubuta Source a wurin da HTML yake.

Ga abin da za ka gwada. Buɗe sabon shafi, ka raba fuskar biyu. Rubuta "Kayan shagonmu", ka mayar da shi babban kanu. Yanzu dubi sama. Za ka ga wani abu kamar haka:

<h1>Kayan shagonmu</h1>

Sauka ƙasa ka rubuta jimla ɗaya, ka sake dubawa. Za ka ga an saka ta tsakanin <p> da </p>. Yi jerin kaya, shinkafa, albasa, busasshen kifi, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ka ga yadda kowanne ya shiga tsakanin <li> da </li>. Saka hoto, ka ga <img> ta bayyana da sunan fayil ɗin hoton. Yi mahaɗi zuwa shafi na biyu, ka ga <a> ta fito.

Daga nan sai ka juya wasan. Koma ɓangaren HTML, ka canza h1 zuwa h2 a farko da ƙarshe, ka ga yadda kanun ya rage girma. Goge alamar rufewa guda ɗaya da gangan, ka ga abin da zai faru, sannan ka mayar da ita. Ƙara kaya ɗaya a jerin da hannunka, ba tare da ka taɓa filin ƙasa ba. Gani ya kori ji. A zama biyu ko uku za ka gane cewa alamomin da ake amfani da su kullum ba su fi goma sha wani abu ba, kuma kusan duka bibbiyu suke tafiya, ɗaya ta buɗe, ɗaya ta rufe.

Ranar da ka iya buɗe Notepad, wadda ke cikin kowace kwamfuta mai Windows, ka rubuta shafi daga farko har ƙarshe, ka ajiye shi da suna mai ƙarewa da .html, ka buɗe a burauza ya fito, ranar ka yaye kanka. Tsohuwar malama ta gama aikinta.

Inda tsufa ya nuna

Yanzu bari mu faɗi laifinta, domin tana da shi. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza, ita kuwa tana nan tana taka rawar 2003. Wurare huɗu ne za ta ba ka kunya in ba ka kula ba.

Na farko, faɗin shafi. Lokacin da aka yi waɗannan manhajoji, a kwamfutar tebur ake kallon intanet, kuma fuskokin kwamfuta da yawa faɗinsu ɗigo 800 ne ko 1024. Shi ya sa masu gini suka saba zana babban jadawali mai ƙayyadadden faɗi, su zuba komai a cikin gidajensa. Wayar iPhone ta fito a 2007, shekara guda bayan an daina FrontPage, masu Android suka biyo baya. Yau wanda zai buɗe shafinka a Kamba ko Illo ko Gaya, da waya zai buɗe, kuma wayoyi da yawa suna lissafa faɗinsu a matsayin ɗigo 360 ko kusa da haka. In aka cusa shafi mai faɗin 800 a ciki, rubutun zai koma kamar ƙwayar gero, sai mutum ya yi ta ja da yatsa hagu da dama. Ba mai haƙurin wannan.

Na biyu, haruffanmu masu ƙugiya: ɓ, ɗ da ƙ. Tsofaffin manhajoji sukan ajiye shafi da tsarin haruffan Yammacin Turai, wanda babu waɗannan a cikinsa. In tsarin da aka ajiye fayil da shi ya saɓa da wanda aka gaya wa burauza, sai ka ga "ƙuli-ƙuli" ya koma "Æ™uli-Æ™uli", ko alamar tambaya ta zauna a wurin harafi. Wasu sukan gaji su cire ƙugiyar baki ɗaya, amma kun san kafa daban, ƙafa daban, haka baki da baƙi. Mu 'yan bakin iyaka abin ya fi shafar mu. Hausar Nijar tana rubuta ƴ a inda muke rubuta 'y, kuma in za ka saka farashi da Faransanci saboda masu sayen da ke zuwa da sefa, kana buƙatar haruffa irin su é da è.

Na uku, kayan ƙawa na musamman. FrontPage tana ba ka damar saka na'urar ƙirga maziyarta, akwatin bincike da fom na aika saƙo, duk da dannawa kaɗan. Amma waɗannan ba su aiki sai babbar kwamfutar da ke ajiye shafin, wadda ake kira saba, tana ɗauke da wani ƙarin kayan aiki na FrontPage. Masu ba da hayar saba sun daɗe da cire shi. Za ka yi fom mai kyau, mutum ya cika ya danna, saƙo bai je ko'ina ba. Haka rubutu mai gudu daga dama zuwa hagu da alamar <font> ta canza launi, duk an ajiye su. Ado yanzu aikin wani tsari ne daban mai suna CSS, wanda aka fara tun 1996, kuma tsarin HTML5 da aka tabbatar a watan Oktoban 2014 ya bar masa aikin kacokan.

Na huɗu, madubinta na yaudara. Abin da FrontPage ke nuna maka a Preview, da idon Internet Explorer take kallo, burauzar da Microsoft ya yi wa ritaya ranar 15 ga Yuni, 2022. KompoZer kuma tana kallo da idon Firefox ta wajajen 2006. Don haka alkawarin nan na "abin da ka gani shi za a gani" ya daina cika. Kullum ka ajiye shafinka, ka buɗe shi a burauzar yau kafin ka yarda da shi.

Gyara a sauƙaƙe

Maganin yawancin waɗannan matsaloli layuka ne 'yan kaɗan. Shawarata ita ce in ka gama aiki a tsohuwar manhaja, ka rufe ta, ka buɗe fayil ɗin da Notepad ka yi gyaran a can, saboda wasu daga cikinsu, musamman KompoZer, sukan mayar da layin farko yadda suka saba.

Layin farko na fayil ya zama:

<!DOCTYPE html>

Wannan yana gaya wa burauza ta bi ƙa'idar yau. Layin da ke biye ya zama <html lang="ha">, wato shafin na Hausa ne. Sannan a cikin kan shafi, tsakanin <head> da </head>, ka cire tsohon layin da ke maganar tsarin haruffa, ka saka waɗannan biyun:

<meta charset="utf-8">

<meta name="viewport" content="width=device-width, initial-scale=1">

Na farkon yana cewa an rubuta shafin da UTF-8, tsarin da ke ɗaukar haruffan Hausa da na Faransanci da na Larabci a fayil guda. Amma faɗa kawai ba ta isa ba, sai ka ajiye fayil ɗin da wannan tsarin. A Notepad, wajen ajiyewa akwai ɗan akwati a ƙasa da aka rubuta Encoding, ka zaɓi UTF-8. Na biyun yana gaya wa waya ta yi amfani da faɗinta na gaskiya.

In madannanka ba su da haruffa masu ƙugiya, kowanne yana da lambarsa da za ka rubuta a cikin HTML. Rubuta &#595; ka sami ɓ, &#599; ka sami ɗ, &#409; ka sami ƙ, &#436; kuma ka sami ƴ. Manyansu su ne &#385; da &#394; da &#408; da &#435;. Ku kwafe waɗannan a bayan littafinku, za su yi muku rana.

Sauran gyara biyu. Kada ka gina shafi gaba ɗaya a cikin jadawali. Bar rubutu ya sauko daga sama zuwa ƙasa, ka ajiye jadawali don abin da jadawali ne da gaske, kamar jerin kaya da farashinsu, ko sakamakon gasar ƙwallo tsakanin azuzuwa. Sannan ka tara shafinka da hotunansa a folda ɗaya tun kafin ka fara. In ka ga sunan hoto a HTML ya fara da file:///C:/, to hoton a kwamfutarka kaɗai zai fito, ko'ina ka kai shafin sai dai a ga wurinsa fayau. Ka rage girman hotunan kuma, don hoton da waya ta ɗauka kai tsaye yana da nauyi, mai ziyara ne zai biya da datarsa.

Don ka ga yadda zai kasance a waya, kama gefen tagar burauza da linzamin kwamfuta ka matse ta har ta zama siririya. In rubutu ya bi faɗin tagar yana karyawa da kansa, ka yi nasara.

Hattara wajen nemo ta

FrontPage ta kuɗi ce, kuma daina sayar da ita bai mayar da ita ta kyauta ba. In tana cikin kwamfutar makarantarku, yi amfani da ita a nan. Amma kada ka shiga intanet kana neman wadda aka fasa, domin irin waɗannan wurare su ne matattarar ƙwayoyin cutar kwamfuta. Ka je neman manhajar banza ka dawo da abin da zai cinye fayilolin yayanka ko na makaranta. Microsoft ya daina toshe kafofin ɓarna na kayan Office 2003 tun ranar 8 ga Afrilu, 2014, ranar da ya saki Windows XP, ita ma Windows 7 aka sake ta a watan Janairun 2020. Kwamfutar da ke kan waɗannan tsofaffin, gara a bar ta don koyo ba tare da intanet ba, kuma kada a shiga asusun banki da ita.

KompoZer kyauta ce tun asali, kuma dokar da aka sake ta a kai ta yarda ka kwafa wa abokinka. Akwai kuma SeaMonkey, wadda ita ma kyauta ce, tana ɗauke da Composer a cikinta, kuma masu kula da ita suna fitar da gyare-gyare har yanzu. Ko wacce za ka ɗauka, ka nemi malamin kwamfutarku ya duba inda aka samo ta, a kuma bincika filashin kafin a soka shi a kwamfutar makaranta. Filashin da ya zaga shagunan buga takardu ba a rasa shi da tsaraba.

Jarrabawa daban, kasuwa daban

Wani zai ce, to in an tambaye ni a jarrabawa fa? Ka amsa abin da manhajar karatu ta tanada. In an ce ka kawo misalan manhajojin tsara shafi, FrontPage da Dreamweaver amsa ce daidai, ka rubuta ka karɓi makinka. Kada kuma ka je aji kana yi wa malami gatsali wai abin da yake koyarwa ya tsufa. Malam yana bin tsarin da aka ba shi da kayan aikin da ya samu. Abin da ya dace shi ne ka ce, "Malam, don Allah a nuna mana ɓangaren HTML ɗin," kuma na tabbata zai ji daɗin tambayar.

Kasuwa kuwa ba ta ba da maki don hadda. A ce kawunka mai sayar da shinkafa ya ji ka iya kwamfuta, ya ba ka kuɗi ka yi masa shafi don abokan cinikinsa na Gaya da Malanville. Ka yi shi da tsohon salo, ya yi kyau a kwamfutarka, amma a wayoyinsu rubutu ya ƙi karantuwa, hotuna suka ƙi fitowa. Kuɗinsa sun tafi, sunanka ya ɓaci, kuma a gari irin namu labari ba ya kwana. Saboda haka kada ka karɓi kuɗin kowa sai ka ga aikinka ya buɗe lafiya a wayoyi daban-daban. In kuma ka ga buƙatarsa ba ta wuce ya riƙa tura hoton kaya da farashi a WhatsApp ba, ka gaya masa gaskiya. Gobe in babban aiki ya taso, kai zai nema.

Wanda ya iya HTML tun yana sakandare, in ya shiga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, ko Kwalejin Waziri Umaru, ko ya wuce Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, zai tarar ana amfani da sabbin kayan aiki irin su Visual Studio Code, wadda ta fito a 2015. Ba zai ruɗe ba, don alamomin da zai gani su ne dai <h1> da <p> da <a> da ya saba da su. 'Yan mata, wannan magana har da ku. Aikin nan ba ya buƙatar ƙarfin damtse ko fita rana, kuma ana yin sa daga cikin gida.

Aikin gida

Ga aikinku kafin mu sake haɗuwa. Kowa ya gina shafi ɗaya a kan garinsu ko makarantarsu. Ya kasance da babban kanu, sakin layi biyu, jerin abubuwa biyar da ake samu a kasuwarku, da hoto ɗaya. A cikin rubutun dole a sami ɓ da ɗ da ƙ. Mai jin Dandanci ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Faransanci ya ƙara gaisuwa da wannan harshe a ƙasan shafin. Ku fara da tsohuwar manhaja, fuska a rabe biyu. In kun gama, ku rufe ta, ku buɗe Notepad ku sake rubuta shafin da ka, ba tare da leƙe ba.

Wanda ba shi da kwamfuta kada ya ce an bar shi a baya. Ya rubuta alamomin a takarda da biro, layi bayan layi, ranar da aka shiga ɗakin kwamfuta sai ya buga su cikin minti goma. Ku haɗu ku uku ko huɗu a kan kwamfuta ɗaya, kowa ya duba aikin ɗan uwansa, don ido huɗu ya fi biyu saurin gano alamar da aka manta ba a rufe ba.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki wannan shafin da kuka yi mu yi masa kwalliya da CSS: launi, girman rubutu da tazarar layi. Ku adana fayil ɗinku da kyau, da shi za mu yi aiki. Allah Ya ba da sa'ar karatu.